Ina Kitsen Yake Tafiya? Ƙwayoyin Rage Ƙiba da Cin da Zai Ɗore

Makon farko shi ne mayaudari. Mutum ya gaji da wandon da ya daina rufuwa a ƙugu, ya gaji da haki in ya hau bene, sai ya sayo kwalbar ƙwayoyi ko fakitin shayin da aka ce yana narkar da teɓa. A ranar kuma ya yanke cin abinci, don wanda ya zuba kuɗinsa a magani ba ya son su tafi a banza. Ranar da aka cika kwana bakwai ya tashi da sassafe, ya shiga bayi ya fito, ko ruwa bai kurɓa ba, har agogon hannu ya cire ya ajiye, sannan ya hau sikeli. Kilo biyu sun tafi. Daga nan ba mai iya gaya masa ƙwayar nan ba ta aiki. Ai ga shi ya gani da idonsa.

Abin da ya gani gaskiya ne, fassarar da ya yi masa ce ta kauce. Jiki yana ajiye suga a hanta da tsoka a matsayin guzuri, wanda masana ke kira gilaikojin, kimanin rabin kilo a jikin baligi, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da an rage ci, musamman abinci mai sitaci, wannan guzurin jiki ke fara taɓawa, ruwan da ke tare da shi kuma ya bi fitsari. Ga shi shayin rage ƙiba da yawa akwai ganyen filasko a ciki, mai sa mutum zarya a bayi, wani kuma an haɗa shi da abin da ke sa yawan fitsari. Ruwa ne da abin da ke cikin hanji suka fita. Lissafin ba shi da wuya: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 7,700, baligi kuma yana amfani da 2,000 zuwa 2,500 a yini. Kafin kilo biyu na zallar kitse su tafi cikin mako guda, sai an samu giɓin kalori 2,200 kullum, wato sai dai in mutumin bai sa komai a bakinsa ba tun daga farkon makon har ƙarshensa.

To shi kitsen, in ya tashi tafiya da gaske, ina yake zuwa? A 2014 wasu masu bincike biyu a Ostareliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka yi wa likitoci da masana abinci da masu horar da motsa jiki wannan tambaya, kuma mafi yawansu suka faɗi ba daidai ba, suka ce yana komawa zafi ne ko ƙarfi. Amsar da mutanen biyu suka wallafa a mujallar likitoci ta BMJ ita ce, in mutum ya rasa kilo 10 na kitse, kilo 8.4 ta huhu suke fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, sauran kilo 1.6 kuma su zama ruwa. Numfasar da shi ake yi. Ba ya bin gumi ya tsiyaye, ba ya bin zawo, bel ɗin da ake ɗaurawa a ciki kuma ba ya matso shi waje. Ba kuma a zaɓa wa jiki inda zai ɗebo shi, a ce na tumbi kawai ake so. Gado da jinsi da homon, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki, su ne ke yanke wannan.

Wannan ya kawo mu ga dabarar da ke cikin sunan da aka raɗa wa ƙwayoyin, wato "masu ƙona kitse". Jiki bai taɓa daina ƙona kitse ba. Yanzu da kake karanta wannan yana yi, kana barci ma yana yi, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kalorin da mutum ke kashewa a yini yana tafiya ne wajen ayyukan da ba ya ko sanin ana yi: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Abin da ke sa ƙiba shi ne wanda ake zubawa a rumbun ya fi wanda ake ɗiba. Saboda haka ƙwayar da za ta ramar da mutum ta hanyar ƙonawa dole ta tilasta wa jiki ya ɓarnatar da makamashi mai yawa. Akwai irin wannan ƙwaya kuwa, an daɗe da saninta, kuma labarinta ya isa darasi.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, an lura ma'aikatan masana'antun harsashi a Faransa suna ta zufa, suna ramewa, wasu har suna mutuwa. Aka gano wani sinadari ne ruwan ɗorawa da suke aiki da shi, wanda ake taƙaita sunansa da DNP. A 1933 wasu masana a Jami'ar Stanford ta Amurka, Maurice Tainter da Windsor Cutting, suka ba da rahoton cewa ana iya amfani da shi wajen rage ƙiba. Nan da nan kasuwa ta ɗauka, dubban mutane suka afka masa ba tare da takardar likita ba. Kuma yana aiki, wannan ba gardama. A cikin ƙwayoyin halittar jiki akwai wasu ƙananan ɗakunan wuta da ake kira mitokondiriya, masu juya abinci ya zama ƙarfin da jiki zai yi aiki da shi. DNP huda su yake yi, sai makamashin ya riƙa zurarewa ya zama zafi zalla. Kamar ka sa mota a firi ne ka danne totur: mai yana ƙonewa, mota ba ta motsa ba, inji sai ƙara zafi yake yi. Mutane suka rame, amma sai ga yanar ido tana rufe wa mata masu ƙananan shekaru gani, wasu kuma zazzaɓi ya dafa su har lahira. A 1938 hukumomin Amurka suka hana amfani da shi ga ɗan'adam.

Abin tsoro a DNP shi ne tazarar da ke tsakanin adadin da ke ramarwa da wanda ke kisa ba ta da faɗi, kuma in an wuce gona da iri babu makarinsa. Likitoci sai dai su yi ta ƙoƙarin sanyaya jikin. Duk da haka bai ɓace ba, intanet ta dawo da shi. A 2015 wata ɗaliba 'yar shekara 21 a Ingila ta sha ƙwaya takwas da ta saya ta intanet, ta kai kanta asibiti da ƙafarta, cikin sa'o'i kaɗan ta rasu. Daga baya kotu ta ɗaure wanda ya sayar mata.

Waɗanda suka biyo bayansa ma ba su wanye lafiya ba. Efedira, tsiron da 'yan Sin ke kira ma huang, ya mamaye kasuwar rage ƙiba a shekarun 1990 saboda yana zaburar da zuciya yana kashe yunwa. A watan Fabrairun 2003 Steve Bechler, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Baltimore Orioles mai shekara 23, ya yanke jiki ya faɗi a wurin atisaye a Filorida, washegari ya cika, binciken gawa kuma ya nuna efedira na da hannu. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta shi. Kafin nan, a 1997, an janye haɗin magungunan da ake kira fen-phen bayan an gano yana lalata ƙofofin zuciya. A 2010 aka janye sibutramine, wani maganin kashe yunwa, a Turai da Amurka, saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kusan duk abin da ya taɓa nuna ƙarfi a wannan fage, ƙarfin nasa ne ya ja aka kore shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sauran da suka rage a kan kanta su ne masu sanyin hali, kuma dalilin da ya sa suka cika ko'ina yana cikin doka. Amurka, inda da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki suke fitowa, ta yi wata doka a 1994 da ta ware abin da ake kira ƙarin abinci daga magani. Magani sai kamfani ya kawo hujjar cewa yana aiki kafin a bar shi ya shiga kasuwa. Ƙarin abinci kuwa ba a neman wannan hujja, hukuma sai dai ta bi sawu in ɓarna ta bayyana. Ƙasashe da dama haka suke sassauta masa. Ga kuma masu saye ba adadi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa.

Na taɓa zama da irin wannan kwalba a hannu, wadda wani abokina ya yi oda, na ce bari in karance ta daga murfi har gindi. A gaba an zana harshen wuta da wani ciki a shafe kamar faranti. A baya akwai sunaye fiye da goma a ƙarƙashin abin da suka kira haɗin musamman na kamfani, an rubuta nauyinsu a dunƙule, ba a faɗi ko nawa ne na kowanne ba. Da na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kafeyin ya shigo sau uku da riga daban-daban: ga shi da sunansa, ga shi a cikin guarana, ga shi a cikin ruwan koren shayi. Can ƙasa, da rubutun da sai ka kanne ido, an ce ana samun sakamako ne in an haɗa da rage cin abinci da motsa jiki, sannan ba a yi wannan kaya don warkar da wata cuta ba. Na nuna masa layin. Ya yi dariya ya ce shi dai tun da ya fara sha yana jin jikinsa yana zafi, zuciyarsa tana bugawa, alamar aiki ke nan. Kafeyin ne kawai yake ji.

Kafeyin ɗin yana ɗaga yawan makamashin da jiki ke kashewa, amma da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari, na 'yan sa'o'i, kuma jiki yana sabawa da shi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce miligiram 400 a yini, kimanin kofi huɗu na gahawa, shi ne iyakar da baligi mai lafiya zai sha ba damuwa, mai juna biyu kuma rabin haka. Garcinia cambogia, ɗan itacen da aka yi ta yayatawa, an gwada shi tun 1998 a kan mutum 135 na tsawon mako 12, aka wallafa a mujallar JAMA cewa waɗanda suka sha shi ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar bogi ramewa ba. Ɗanyen kofi kuma, wato gahawar da ba a gasa ba, da ya yi tashe wajen 2012, a kan wani bincike na mutum 16 kacal aka gina tallarsa. A 2014 aka janye binciken, hukumar kula da cinikayya ta Amurka kuma ta sa kamfanin da ya ɗauki nauyinsa biyan dala miliyan 3.5. Masu bincike a Jami'ar Sidni sun tattara gwaje-gwaje 121 da suka ƙunshi kusan mutum 10,000, suka ce ba su ga hujjar da ta isa a ba wani shawarar shan ko ɗaya daga cikin waɗannan kayayyaki don rage ƙiba ba.

Da a ce rashin aiki ne kaɗai laifinsu, da sai a ce asarar kuɗi ce, a wuce wurin. Sai dai kalmar "na ganye ne zalla" ta rufe ɓarna da yawa. Shan koren shayi a kofi ba matsala, amma in aka tace sinadarinsa aka cusa a kafso, labari ya canja: a 2018 hukumar ta Turai ta ce daga miligiram 800 a yini ana fara ganin alamun wahala a hanta. A 2009 an janye Hydroxycut daga kasuwa bayan rahotannin lalacewar hanta, a 2013 kuma OxyElite Pro ya kwantar da mutane da ciwon hanta a Hawai, wasu sai da aka yi musu dashe. Mafi muni shi ne algus. Wani nazari da aka wallafa a 2018 ya duba bayanan FDA na shekarun 2007 zuwa 2016, ya samu kayayyakin ƙarin abinci 776 da aka ɓoye magungunan asibiti a cikinsu, kuma a ɓangaren na rage ƙiba, sibutramine ɗin nan da aka kora shi ya fi yawa. Ruwa ba ya tsami banza. In ka ji an ce wani shayin ganye yana kashe yunwa ƙurmus, yana busar da baki, yana hana barci, to a binciki abin da aka barbaɗa a ciki.

Amma a ganina duk wannan an bar jaki ne ana dukan taiki. Wahalar rage ƙiba ba a wajen ƙonawa take ba, a wajen yunwa take, da kuma yadda jiki ke kare abin da ya tara. A 1944 masanin nan Ancel Keys ya tara samari 36 a Jami'ar Minesota, waɗanda suka ƙi shiga yaƙi saboda aƙida amma suka yarda a yi gwaji da su don a san yadda za a farfaɗo da mutanen da yunwar yaƙi ta galabaita. Wata shida ana ba su kusan rabin abin da suka saba ci, suka rasa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya faru da tunaninsu ya fi ramar ban mamaki. Hirarsu ta koma ta abinci, mafarkinsu na abinci, wasu suka shiga tara littattafan girki, suna lashe kwano, suna jin sanyi ko da rana, ga saurin fushi. Bugun zuciyarsu ya ragu, jikinsu ya rage kashe makamashi sosai. Da aka sake su kuwa, wasu suka riƙa ci har su ƙoshi su ci gaba da ci, da yawansu suka tara kitsen da ya fi na da. Waɗannan samari ne masu lafiya da ƙarfin hali. Duk wanda ya taɓa matsa wa kansa da yunwa na wata biyu, sannan wani dare ya tsinci kansa tsaye a kicin yana cin duk abin da hannunsa ya taɓa, ya san wannan hali. Ba ragwanci ba ne.

Daga baya aka gano 'yan aiken. A 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller suka gano leptin, homon da kitse ke fitarwa yana sanar da ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu. In kitse ya ragu leptin ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka fari ya shigo, ta ƙara yunwa ta rage kashewa. Ita ba ruwanta da cewa da gangan kake yi. An bi sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, waɗanda a tsaka-tsaki kowannensu ya zubar da kilo 58. Bayan shekara shida kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana kashe kalori kusan 500 a yini ƙasa da yadda ya kamata ga masu girmansu. Wani lissafin da Kevin Hall da abokansa suka fitar a 2016 ya nuna kowane kilo ɗaya da aka rasa yana ƙara sha'awar ci da kimanin kalori 100 a yini. Ka auna wannan da 'yar ƙaruwar da kafeyin ke kawowa, za ka ga ana kashe gobara ne da cokali.

Shi ya sa allurar semaglutide, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy, ta zama abin nazari ko ga wanda ba zai taɓa yin ta ba. A gwajin da aka wallafa a 2021, mutum 1,961 na tsawon mako 68, waɗanda aka yi wa allurar sun rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu, waɗanda aka yi wa ta bogi kashi 2.4. Ba a taɓa ganin magani mai irin wannan ƙarfi da ya tsallake tantancewa ba kafin lokacin. To amma ba ta ƙona komai. Kwaikwayon wani homon na hanji take yi, ta sa mutum ya ƙoshi da wuri, tunanin abinci ya lafa masa. Da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na abin da suka rasa ya dawo. Magani ne na likita, yana da nasa illolin kamar tashin zuciya da amai, kuma na jabu ya riga ya shiga kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 2024. Abubuwa biyu allurar ta tabbatar: yunwa ce mai riƙe da linzami, sannan duk abin da ya ramar da mutum, ranar da aka ajiye shi aikinsa ya tsaya.

In haka ne ga allura mai ƙarfi, haka yake ga tsarin cin abinci. Tambayar da ta kamata mutum ya yi kafin ya fara kowane tsari ita ce, nan da shekara uku zan iya ci gaba da cin abinci haka? Gardamar da ake ta yi tsakanin masu cewa a bar sitaci da masu cewa a bar mai, an gwada ta a Stanford. A 2018 Christopher Gardner ya wallafa sakamakon mutum 609 da aka raba gida biyu na tsawon shekara guda: masu rage mai sun rasa kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6. Kusan kunnen doki. Amma a cikin kowane gida akwai wanda ya zubar da kusan kilo 30, akwai wanda ƙaruwa ma ya yi da kusan 10. Abin da aka gaya wa ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: a yawaita ganye, a rage suga da farar fulawa, a riƙa girki a gida. Ba a sa kowa ƙidayar kalori ba.

Gwajin da ya fi burge ni ƙarami ne. A 2019 Kevin Hall ya killace mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka na wata guda. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ta sake sarrafawa, irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita suga da mai da gishiri da faiba, wato ɓangaren ganye da dusa da ciki ba ya narkarwa, a abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kullum ba tare da sun lura ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya, kuma yunwarsu ba ta fi ta wancan lokacin ba. Abincin masana'anta taushi gare shi, ba ya buƙatar tauna, yana wucewa kafin saƙon ƙoshi ya iso daga hanji, ga kalori cunkushe a ɗan ƙaramin loma. A nan ne sirrin yake, in ma akwai sirri: a cika ciki da abin da ke da girma da nauyi amma kalorinsa kaɗan ne. Ganye da 'ya'yan itace, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa a ci aƙalla giram 400 a yini. Wake da dangoginsa, da hatsin da ba a cire masa dusa ba, saboda faiba tana jinkirta narkewa. Furotin kamar ƙwai da kifi da nama marar kitse, wanda ya fi komai riƙe ciki, yana kuma kare tsoka lokacin da nauyi ke sauka. Wani abin dariya, furotin ya fi yawancin ƙwayoyin nan cancantar sunan mai ƙona kitse, domin jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa wajen narkar da shi kawai.

Wurare biyu ne kalori ke shiga ba sallama. Na farko abin sha: gwangwanin lemo ɗaya yana iya ɗaukar suga giram 35, alhali iyakar da ake ba da shawara ga mai cin kalori 2,000 ita ce giram 50 a yini, kuma ciki ba ya lissafa abin da aka kurɓa a matsayin abinci. Na biyu mai: giram ɗaya nasa kalori 9 ne, na sitaci da furotin 4, babban cokali guda kuma kusan 120. Mai girkin da ke tuttula mai daga galan ba tare da aunawa ba yana iya ƙara wa tukunya ɗaruruwan kalori da juyin hannu ɗaya. Wanda ya gyara waɗannan biyun kaɗai ya yi nisa, bai kuma haramta wa kansa komai ba. Barci ma yana cikin lissafi, don wanda bai samu isasshe ba washegari yunwarsa ta fi yawa, kuma kayan zaƙi ransa ke so. Motsa jiki kuwa a yi masa adalci: tafiyar rabin awa da sauri kalori wajen 150 take ci, lemo ɗaya ya mayar da su. Amfaninsa yana wajen zuciya, da suga, da riƙe tsoka, da hana abin da aka sauke dawowa.

Akwai kuma batun yawan abin da ake nema. Tallar kwalba ta saba wa mutane da hoton "kafin" da "bayan", har suna raina kilo biyar. Likitoci ba sa raina su. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka sa wa burin sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba maganin metformin, kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da 'yan kai ba. Ba lallai maƙwabta su lura ba, amma hawan jini da suga da gwiwoyi za su lura. Rabin kilo a mako ya isa gudu.

Wajen wata na shida yawancin mutane ke cin karo da bango. Sikeli ya tsaya cak, mako uku, mako huɗu. Jiki ya ƙanƙance don haka abin da yake kashewa ya ragu, yunwa ta ƙaru, loma kuma ta soma girma a hankali ba da sanin mai ita ba. A daidai wannan gaɓa ne tallar ƙwaya ta fi shiga rai, saboda ta zo da bayani mai daɗin ji, wai injin jikinka ne ya mutu, ga abin da zai tayar da shi. Abin da ya fi amfani a lokacin shi ne mutum ya rubuta duk abin da ya ci na mako guda ba tare da ya yi wa kansa ƙarya ba, ko ma ya yarda ya tsaya a inda yake na ɗan lokaci, don riƙe kilo shida da aka sauke aiki ne mai zaman kansa. In kuma ƙibar ta zo farat ɗaya, ko tare da kasala da kumburi da rikicewar al'ada ga mace, a je asibiti a duba, domin matsalar maƙoƙo da wasu magunguna kamar su sitiroyid suna kawo ta.

Wanda kuwa ya riga ya fara shan ƙwayoyin, musamman mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko mai juna biyu da mai shayarwa, gara ya dakata ya ga likita. In ido ya soma yin ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, ko zuciya tana dukan uku-uku mutum yana zaune, ko zufa da zazzaɓi sun taso ba dalili, wannan ba na jira ba ne har gobe. A tafi da kwalbar a hannu, likita zai so ya ga abin da aka rubuta a jikinta, ko da yake abin da aka rubuta ɗin ba lallai ne shi ke ciki ba.